Tsaron bayanan marasa lafiya a asibiti: da me za a fara?

Jami'in_ICT:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Asibiti ne matsakaici, gado 150, kwamfutoci wajen 90, da manyan kwamfutocin ajiya, wato sabobi, guda uku. Rajistar marasa lafiya, sakamakon gwaji, ɗakin magani da lissafin kuɗi duk sun koma kwamfuta, hotunan eksire da na CT ma a saba ake ajiye su. Yanzu hukumar gudanarwa ta ce a kawo mata tsarin tsaron bayanai a rubuce tare da kasafinsa. Halin da ake ciki kuwa shi ne: duk na'urorin a netwok ɗaya suke, har da Wi-Fi na baƙi. Kowane ɗakin kwanciya asusu ɗaya ma'aikatan jinya ke shiga da shi. Ana kwafin ajiya kowane dare zuwa wani faifai da ke maƙale da saba. Kamfanin da ya sayar da na'urar CT yana shigowa daga nesa ya yi gyara duk lokacin da ya ga dama.

Da me za a fara? Ta yaya ake auna haɗari a rubuta wa shugabannin da ba fanninsu ba ne? Sannan wani dillali ya kawo tayin katangar tsaro, wato na'urar da ke tace abin da ke shiga da fita netwok, da za ta cinye fiye da rabin kasafin, ya ce ita ce maganin komai. A saya?

Injiniya_Tsaro:

Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye takardar dillalin nan a gefe tukuna. Katangar tsaro tana da amfani, amma cikin abubuwa huɗun da ka zayyana wanda ya fi tayar da hankali shi ne faifan da ke maƙale da saba, kuma katanga ba ruwanta da shi.

Aikin farko ƙidaya ce. Ka bi sashe-sashe ka rubuta duk abin da ke riƙe bayani ko yake taɓa netwok: sunansa, inda yake, wane tsarin aiki ne a kansa, wa ke da alhakinsa, wane bayani ke ciki, da wace na'ura yake magana. Manhajar binciken netwok za ta rage maka aiki, sai dai ba za ta nuna maka laftof ɗin da likita ke tafiya da shi gida ba, ko filash ɗin da ake kai sakamako da shi daga lab zuwa ofis. Wannan sai da ƙafa.

Daga nan ka zauna da shugaban kowane sashe ka yi masa tambaya biyu. Idan manhajar nan ta tsaya yanzu, awa nawa za ku iya aiki kafin marar lafiya ya fara cutuwa? Idan aka dawo da ita, bayanan awa nawa za ku iya jure asararsu? Lab da ɗakin magani da wuya su ce maka fiye da awa huɗu, ofishin albashi kuwa zai iya jira mako. Lambobin nan biyu su ne za su faɗa maka sau nawa za a riƙa kwafi, da abin da za a fara tayarwa ranar da abu ya lalace. Mutane sun fi tunanin satar bayani, amma a asibiti akwai abu biyu da suka fi shi saurin kisa: a nemi bayani a rasa lokacin da ake buƙatarsa, ko a same shi an sauya shi, kamar rukunin jini ko adadin magani.

Kundin haɗura tebur ne kawai. Kowane haɗari ka ba yiwuwar aukuwarsa maki 1 zuwa 5, girman ɓarnarsa 1 zuwa 5, ka ninka. Maki 5 na ɓarna ka keɓe shi ga abin da zai iya kai ga rasa rai ko rufe sashen gaggawa. Duk abin da ya kai 15 ya je gaban hukuma da sunan mai alhaki, da ranar gamawa, da kuɗinsa. Kuma kada ka rubuta musu cewa SMBv1 a buɗe yake, ba za su gane ba. Ka rubuta cewa idan kwamfuta ɗaya ta kamu sauran za su bi, kwafin ajiya zai tafi tare da su, lab da ɗakin tiyata za su koma takarda na makonni. Wanda suka ce ba kuɗin gyaransa, shugaban asibiti ya sa hannu cewa ya san da shi ya kuma yarda a zauna da shi. Sa hannun nan yakan fito da kuɗin da aka ce babu.

Yanzu kwafin ajiya. Masu garkuwa da bayanai shi suke fara nema kafin su kulle komai, kuma faifan da saba ke gani su ma suna ganinsa. Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wajen ginin. Ka ƙara sharaɗi a kai, aƙalla ɗaya ya kasance a cire daga netwok gaba ɗaya, kaset ɗin LTO ko faifan da ake zarewa a kulle a sef, ko ma'ajin da aka saita ba ya goguwa sai wa'adinsa ya cika. Asusun da ke kula da manhajar ajiya kada ya kasance cikin Active Directory na asibiti, wato tsarin da ke riƙe asusun shiga na duk ma'aikata, don wanda ya ƙwace babban asusun admin ya ƙwace har da shi. A sakaya kwafin da mabuɗin sirri, a rubuta mabuɗin a takarda a kulle a wani wuri dabam.

Kada ka riƙe na mako ɗaya ko biyu kawai. A harin da aka kai wa hukumar lafiya ta ƙasar Ireland, HSE, an buɗe wani fayil na Excel da ya zo ta imel ranar 18 ga Maris 2021, amma ba a kulle na'urorin ba sai 14 ga Mayu. Mako takwas masu kutse suna yawo a ciki. Mai kwafin kwana 14, duk abin da ke hannunsa an yi shi ne suna nan. Don haka na kullum a riƙe na kwana 30, na mako-mako na wata uku, na wata-wata na shekara. Wani darasi daga wannan harin: manhajar rigakafi ta hango kayan aikinsu tun ƙarshen Maris, sai dai an saita ta ne ta yi rahoto kawai ba ta toshe ba. Duba taku yau.

Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba zato ne kawai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wata uku a tayar da saba ɗaya daga kwafi a kan na'urar gwaji, a riƙe agogo, a kira ma'aikacin sashen ya buɗe fayil ɗin marasa lafiya goma ya tabbatar sun cika. Yi lissafin tun yanzu: terabayit 4 a kan waya mai gudun gigabit 1 yana cin wajen awa 10, saukowa da shi daga intanet mai gudun megabit 20 kuwa ya haura kwana 18. Idan lab ya ce awa huɗu zai jure, ka ga ajiyar kan intanet ita kaɗai ba ta isa ba.

Sai ƙofofin waje. Duk abin da ake shiga daga nesa, imel, VPN (hanyar shiga netwok daga waje), asusun admin, a sa masa tantancewa mataki biyu, wato kalmar sirri da wata shaida ta biyu, da manhajar waya ko ɗan mabuɗin FIDO2, saƙon tes shi ne mafi rauni. Kamfanin Change Healthcare na Amurka ta wata mashigar Citrix marar mataki na biyu aka shige shi ranar 12 ga Fabrairu 2024, bayan kwana tara aka kulle shi, bayanan mutum kimanin miliyan 190 suka fita. Ƙofar netwok mai lamba 3389, wadda ta ita ake sarrafa kwamfuta daga nesa, kada ta taɓa fuskantar intanet. Faci kuma, wato gyaran da masu manhaja ke fitarwa don toshe ɓaraka, abin da ke fuskantar waje cikin mako ɗaya zuwa biyu, na ciki cikin wata. Manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta ɓarke ranar 12 ga Mayu 2017, alhali Microsoft ta fitar da facin ɓarakar tun 14 ga Maris. A Ingila kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati na NHS suka taɓu, aka soke ganin likita wajen 19,000, ma'aikatar lafiyarsu ta ƙiyasta asarar fam miliyan 92.

Katanga za ka saya, amma matsakaiciya wadda za ta iya tace zirga-zirga tsakanin sassan cikin gida. Ragowar kuɗin ya tafi ajiya, tantancewa, da mutumin da zai riƙa karanta gargaɗin da na'urorin ke turowa.

Mai_Naurorin_Jinya:

Barkanmu da warhaka. Injiniya ya gama magana kan ajiya. Zan tsaya kan na'urorin jinya, don a nan ne shawarar "a sa faci cikin wata" take karyewa.

Na'urar CT ko MRI ana saya ne don ta yi shekara 10 zuwa 15, kwamfutar da ke cikinta kuwa tallafinta na ƙarewa tun kafin nan. Windows XP ta daina samun faci ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, kuma har gobe ana samunsu a cikin na'urorin hoto da na gwajin jini. Ba ka da ikon sabunta su ko ɗora musu manhajar rigakafi ba da yardar masu ƙerawa ba, don na'urar an ba ta lasisi ne a yadda take. Ba taurin kai ba ne kawai: a 2016 an kai wa hukumar FDA ta Amurka rahoton wata manhajar sa ido kan bugun zuciya da ta tsaya ana tsakiyar aiki a kan marar lafiya, saboda manhajar rigakafi ta kama fayilolinta tana bincike. Haka ma manhajar binciken netwok mai ƙwanƙwasa kowace ƙofa, kada ka sake ta a kan famfon ƙarin ruwa ko na'urar sa ido, tana iya sandarar da su. Ana gano irin waɗannan ne ta sauraren zirga-zirga daga suwic, na'urar da wayoyin netwok ke haɗuwa a cikinta, ba ta taɓa su ba.

Tunda ba a iya gyara su, sai a killace su. Raba netwok ɗin aƙalla gida shida da VLAN, wato rabon da ake saitawa a cikin suwic: sabobi, kwamfutocin ma'aikata, na'urorin jinya, kayan gini kamar kyamarori da makullan ƙofa, firintoci, da baƙi. Na baƙi intanet kawai zai gani. Abin da mutane ke mantawa shi ne VLAN ba tare da dokar tacewa a tsakani ba suna ne kawai, kaya na wucewa yadda suka saba. Dokar ita ce a hana komai, sannan a buɗe abin da aiki ya buƙata da sunansa. Na'urar CT tana buƙatar sabar hotuna ta PACS ta ƙofar DICOM, yawanci 104 ko 11112, da jerin marasa lafiyar da za a ɗauka, da sabar agogo. Shi ke nan. Ba ta da abin yi da imel ko ofishin kuɗi. Ƙofofi 445, 3389 da 23 a toshe su tsakanin sassa. A lura cewa saƙonnin HL7 nau'i na 2, waɗanda ke kai sakamako daga lab zuwa rajista, a fili suke tafiya ba sakayawa ba tantancewa, duk wanda ya isa layin zai iya karantawa ko ya cusa na ƙarya. Shi ya sa layin ya zama tsakanin adireshi biyu tak.

Kada ka kunna dokokin rana ɗaya. Ka bar katangar tana rubuta abin da ke wucewa na mako biyu zuwa huɗu ba ta hana komai, ka gina dokokin daga abin da ka gani, sannan ka riƙa rufewa sashe ɗaya bayan ɗaya, da safe, shugaban sashen na tsaye, da hanyar komawa baya a shirye. Abin da ya fi yawan lalacewa shi ne an manta da DNS, mai juya sunan na'ura zuwa adireshinta, ko sabar agogo. Agogon na'ura na kaucewa da mintuna, sakamako ya riƙa fitowa da lokacin da ba nasa ba, ranar bincike kuma a kasa jera abin da ya faru.

Maganar kamfanin CT. Asusunsu ya kasance a kashe, ana kunna shi idan sun nema a rubuce, na awanni ƙayyadaddu, da sunan injiniyan da zai shiga, da mataki biyu, ta kwamfutar tsakiya guda ɗaya da ke naɗar abin da aka yi. Ka duba bayan na'urar da kyau, wasu kamfanoni suna maƙala nasu modem mai layin waya, ya zagaye katangarka gaba ɗaya. Filash ɗin injiniyansu ma a bincike shi a kwamfutar da aka ware kafin ya shiga na'ura.

Lokacin da kake da ƙarfi a kan kamfani shi ne kafin a biya shi. Ka nemi takardar MDS2 da masu ƙerawa ke cikewa kan tsaron na'ura, da jerin manhajojin da ke cikinta, da ranar da tallafi zai ƙare. A rubuta a kwangila cikin kwana nawa za su kawo faci, da cewa duk faifan da suka canza a asibiti zai zauna. Kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita a sauya ranar da aka girka ta. Na'urar sikanin ciki da babbar fotokwafi duk suna da faifai cike da sunaye da hotuna, kafin a sayar ko a mayar da su a goge bisa ƙa'ida mai lamba 800-88 ta NIST, hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, ko a farfasa faifan.

Kuma ka sa masu yi muku aiki daga waje a kundin haɗura. A Yunin 2024 ba asibitocin Landan aka kutsa ba, kamfanin Synnovis mai yi musu gwaje-gwaje aka kulle, amma asibitocin Guy's da St Thomas' da na King's College sun ɗage ganin likita fiye da 10,000 da ayyuka kamar tiyata wajen 1,700, har aka yi yekuwar neman jini rukunin O don ba a iya gwajin dacewar jini da saurin da aka saba.

A taƙaice kan ɗakin saba: zafi tsakanin digiri 18 da 27, batirin UPS a canza duk shekara uku zuwa biyar, a kuma haɗa shi da saba ta yadda za ta kashe kanta a tsanake kafin ya ƙare. Yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana lalata rumbun bayanai ba tare da wani ɗan kutse ba.

Shugabar_Jinya:

Sannunku Injiniyoyi, Allah ya ƙara basira. Amma akwai abin da ban ga kun taɓo ba, kuma shi ke rusa irin waɗannan tsare-tsare.

Malam mai tambaya, asusu ɗayan nan da ake rabawa ba sakaci ne ya kawo shi ba. Nas tana komawa kan kwamfuta sau da yawa a kowace awa, da safar hannu, marar lafiya na jira. Idan shiga yana cin minti ɗaya da rabi, za ta nemi hanyar kaucewa, kuma tana da hujja. Ka raba musu asusu ba ka gyara wannan ba, cikin mako guda kalmar sirrin mutum ɗaya za ta koma manne a ƙarƙashin tebur. Abin da ke aiki shi ne katin shaida da ake taɓawa a ɗan na'ura: cikakkiyar shiga sau ɗaya a farkon aiki, bayan nan taɓa kati da gajeriyar lamba, cikin daƙiƙa biyar zuwa goma. Idan kuɗin bai kai ba, kwamfutar ɗakin ta zauna a buɗe da asusu marar ikon komai, amma manhajar rajista kowa ya shiga da nasa. Allon ya kulle kansa bayan minti biyu ko uku a inda baƙi ke wucewa, minti goma a ofis. Allon ɗakin tiyata da na masu tsananin jinya ba a sa masa wannan ko kaɗan.

Kalmar sirri kuma, doguwa ta haruffa 14 ko fiye, kalmomi huɗu da mutum zai iya tunawa. Tilasta canzawa duk wata ba ya haifar da komai sai ƙara lamba ɗaya a ƙarshe, NIST ma ta janye wannan shawara tun 2017. Ana canzawa ne idan an yi zargin ta fita.

Izini ya bi aiki. Mai karɓar kuɗi ba ya buƙatar ganin cutar mutum, mai rajista ba ya buƙatar sakamakon gwaji. Bayanan HIV, na taɓin hankali da na ma'aikatan asibitin kansu a ƙara musu shinge. Sai dai dole a bar ƙofar gaggawa: likita ya iya buɗe kowane fayil nan take idan ya rubuta dalili, a kuma duba duk irin wannan buɗewa cikin kwana biyu. Tsarin da ya hana likita ganin maganin da jikin marar lafiya ba ya karɓa da ƙarfe ukun dare ya fi ɗan kutse haɗari.

Sau da yawa tonon asiri a asibiti ba daga waje yake zuwa ba. Ma'aikaci ne ke leƙa fayil ɗin maƙwabci, ko tsohuwar mata, ko wani sananne da aka kwantar. Asibitocin jami'ar UCLA a Amurka sun biya dala 865,500 a 2011 kan irin wannan leƙe. Manhajar tana rubuta wanda ya buɗe me, amma sai an karanta. Duk wata a zaɓi fayil 20 zuwa 30, a haɗa da na duk wani sananne da na ma'aikacin da aka kwantar, a duba wa ya buɗe ba shi da hannu a jinyar. A sanar da kowa ana yi. Wanda ya bar aiki a rufe asusunsa ranar, wanda aka sauya wa sashe a cire masa izinin tsohon wurin, ɗalibai da masu aikin wucin gadi a sa wa asusunsu ranar mutuwa tun wajen buɗewa.

Hoton sakamako a WhatsApp kuwa, hani kaɗai ba ya tsayar da shi, don likitoci na buƙatar shawarar juna da sauri. A ba su manhajar saƙo da asibiti ke iko da ita. Kafin a samu, ba suna, ba fuska, ba lambar kati a hoto.

Game da saƙonnin yaudara: horo na minti goma duk wata uku ya fi lacca ta yini guda a shekara. Kuma kada a hukunta wanda ya latsa ya zo ya faɗa. Ranar da aka ci mutuncin mutum ɗaya, na gaba zai yi shiru. Kwamitin da ya binciki kutsen SingHealth na Singafo a 2018, inda aka kwashe bayanan mutum miliyan 1.5 har da na Firaministan lokacin Lee Hsien Loong, ya gano cewa an ga alamu tun da wuri amma ba a kai maganar sama a kan lokaci ba.

Jami'in_ICT:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. A ce duk an yi wannan, sai wata safiya allo ya nuna takardar neman fansa. Me ake yi a awannin farko? Kuma idan abin ya ƙi, biya ba ya fi sauƙi ba?

Injiniya_Tsaro:

Malam, matakin farko zare waya da kashe Wi-Fi na na'urar da ta kamu, ba kashe wutarta ba. Abin da ke cikin RAM, ma'ajin wucin gadi na kwamfuta, shaida ce, wani lokaci har da mabuɗin buɗe fayilolin da aka kulle, kuma da an kashe ya tafi. Sai idan an kasa raba ta da netwok ne ake kashe ta. Idan na'urori da yawa ne, a yanke daga suwic, a rufe intanet da VPN, a zare duk wani ma'ajin kwafi da ke haɗe. Na'urar da ke jikin marar lafiya ba mai taɓa ta sai da izinin likita.

Mutum ɗaya ke jagoranci, sunansa da na mataimakinsa a rubuce tun yanzu, kuma jami'in da ke aikin dare yana da ikon yanke netwok ba sai ya jira an tashi shugaba ba. A daina amfani da imel ɗin asibiti, mai yiwuwa suna karantawa. Lambobin waya na shugabanni, kamfanoni, inshora da hukumomi su kasance a takarda. Wani ya riƙe littafi yana rubuta komai da lokacinsa. Kada a goge ko a sake girka komai kafin a ɗauki hoton faifan na'urorin farko, in ba haka ba ba za a san ƙofar da suka bi ba, a gama gyara su dawo ta nan.

Wajen tayarwa, a gina a sabon netwok mai tsabta. Farko Active Directory, DNS da DHCP mai raba wa na'urori adireshi, don ba abin da zai tashi sai da su. A canza duk kalmomin sirri, har da na asusun manhajoji, asusun krbtgt mai sa hannu a tikitin shiga na Active Directory kuma sau biyu da tazarar aƙalla awa 10, don tikitin da suka ƙirƙira ya mutu. Bayan nan a bi jerin da shugabannin sassa suka ba ka: rajista, lab, magani, hotuna, kuɗi a ƙarshe. Kowane kwafi a bincike shi kafin a haɗa.

Sanarwa tana da wa'adi. Dokar GDPR ta Turai awa 72 ta bayar a sanar da hukuma, HIPAA ta Amurka kwana 60 don sanar da waɗanda abin ya shafa. Ka nemo na dokar ƙasarku ka rubuta a shafin farko na tsarin.

Biya kuwa ba ya sayen abin da ake zato. Change Healthcare sun biya dala miliyan 22, sai ga wata ƙungiya dabam ta fito da bayanan tana neman nata. HSE ba su biya ba, masu kutsen suka ba da mabuɗin kyauta bayan kusan mako guda, duk da haka sai da aka yi fiye da wata huɗu ana tayar da na'urori. Mabuɗi yana buɗe fayil ne, ba ya tsabtace netwok. A wasu ƙasashen ma biyan ƙungiyar da ke ƙarƙashin takunkumi laifi ne, don haka wannan shawara ta hukumar gudanarwa ce da lauya, ba ta sashen ICT ba.

Shugabar_Jinya:

Injiniya, duk awannin da kuke wannan aiki, mu a ɗakuna jinya ba ta tsayawa. Kowane sashe ya mallaki akwati a rufe mai ɗauke da fom ɗin karɓar marar lafiya, na neman gwaji, na rubuta magani, takardar ba da magani, abin ɗaurawa a hannu, sitika da biro, waɗanda za su isa aƙalla kwana uku. A buga jerin lambobin kati na wucin gadi tun yanzu, masu alamar da ba ta kama da ta ainihi, don kada mutum biyu su samu lamba ɗaya. A kowane ɗaki a ware kwamfuta ɗaya mai firinta da batirinta, wadda ke karɓar jerin marasa lafiya da magungunansu duk awa biyu, ba ta dogara da saba wajen buɗewa. A sanya masu kai sakamako da ƙafa, sakamako mai haɗari kuma a faɗa ta waya, mai karɓa ya maimaita.

Wannan ba don kutse kaɗai ba ne. Ranar 19 ga Yuli 2024 wata sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ce ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, asibitoci da dama suka koma takarda ba wanda ya kai musu hari.

A yi atisaye sau biyu a shekara, awa biyu a sashe ɗaya, ɗaya daga ciki da dare, domin matasan likitoci da yawa ba su taɓa rubuta magani da hannu ba. Bayan na'ura ta dawo, mayar da bayanan takarda aiki ne mai zaman kansa: a fara da magunguna da abubuwan da jiki ba ya karɓa, mutum biyu su tabbatar da haɗa kowace lambar wucin gadi da ta ainihi ta suna da ranar haihuwa, takardun kuma a ajiye su a fayil, ba a yaga su.